Yadda zaka gane buƙata ce ta taso maka ko talla ce ta ja ka

Duk wata sayayya daga wuri ɗaya take farawa, lokacin da ka ji halin da kake ciki bai kai wanda kake so ba. Tun 1968 wasu masana kasuwanci a Amurka, Engel da Kollat da Blackwell, suka tsara yadda mai saye ke yanke shawara, yanzu an fi koyar da abin a matakai 5: gane buƙata, neman bayani, auna wannan da wancan, saye, sai yadda ka ji bayan ka saya. To na farkon nan shi muke tsallakewa da gudu.

Fara tambayar kanka, me ya canza? Wani lokaci abinda ke hannunka ne ya gaza, ka cire waya daga caji ƙarfe 8 a cike, kafin 12 ta mutu, kana ta yawo da caja a aljihu kana leƙen soket duk inda ka shiga. Wani lokaci kuma wayar lafiyarta ƙalau, kawai abokinka ne ya ɗauki hoto da tasa ka ga ya fito tas, daga ranar taka ta koma akwala a idonka alhali ko ƙwarzane bata yi ba, burinka ne ya ɗaga. Ni dai ban ce laifi bane, amma ka san wanne ne a ciki.

Sannan ka rubuta matsalar, kar ka rubuta sunan kaya. "Batir baya riƙe caji" daban, "ina son sabuwar waya" daban, na farkon canza batir kaɗai na iya kashe maganar.

Ka ɗan jinkirta ko da kwana 3 ne. Buƙata ta gaske zata ci gaba da damunka, sha'awa kuwa yawanci sanyi take yi. Kuma kar ka ruɗu don ka ga kayan na binka a Facebook da Instagram, ka taɓa bincikarsa ne sau ɗaya tsarin talla ya riƙe, shikenan. Haka ma "saura 2 kacal" da agogon nan mai ƙirga sakanni, an sa su ne don kar ka samu sararin tunani.

In ka tabbatar buƙatar tana nan sai bincike, daidai nauyin kayan, ba wanda zai ɓata awa guda kan sabulu amma firij ya cancanci haka. Sunayen kamfani biyu ko uku da suka fara faɗo maka a rai waɗanda ka fi ji ne kawai, ƙara ko ɗaya daga waje. In kana duba ra'ayin waɗanda suka saya, tsallake masu tauraro 5 ka karanta na masu 2 da 3, su ne ke faɗin abinda ya fara lalacewa bayan wata shida.