Yadda Ake Sharhin Fim ɗin Soyayya da Barkwanci Idan Waƙoƙi Sun Fi Wasa Kyau

Mai sharhi ya fara kallon fim ɗin gaba ɗaya kamar kowane ɗan kallo, sannan ya koma kan fitowar da ya kamata ta taɓa zuciya, wato inda masoya suke haɗuwa ko rabuwa, ya kashe sauti. Idan fuskokin 'yan wasan da motsin jikinsu ba su nuna ƙauna ko baƙin ciki ba, to kiɗan ne yake ɗauke da nauyin da ya rataya a wuyansu, kuma wajibi ne a faɗi haka ƙarara.

Kafin a ɗora wa ɗan wasa laifi, a bincika tushen raunin, domin sau da yawa marubuci ne ya ba shi maganganun da babu mai furta su a zahiri, ko darakta ya kasa jagorantarsa. Barkwanci kuwa ya dogara ne da lokaci, saboda haka mai tace hoto da ya jinkirta yanka yana iya kashe abin dariyar da aka yi da kyau. A ganina, rashin adalci ne a yi watsi da wannan.

Sai a saurari waƙoƙin su kaɗai, a bambanta su da kiɗan da ke tafiya ƙarƙashin magana, a ambaci sunan mawaƙi da makaɗi, a kuma bayyana ko waƙar tana ciyar da labari gaba.

Kada a tona ƙarshen labarin, kuma kada suka ta wuce aiki ta taɓa mutuncin ɗan wasa.