Mai ciwon suga, ga yadda za ka je a ɗauki hoton bayan idonka a Jos

Yawancinmu in an ce gwajin ido, abin da muka sani shi ne a zaunar da kai ka karanta haruffan jikin allo a rubuta maka gilashi. To duba bayan ido daban ne. Can ciki akwai siririn tantani da likitoci ke kira retina, shi ke karɓar haske, kuma suga na cin ƙananan jijiyoyin jininsa a hankali su riƙa yoyo, ba zafi ba ƙaiƙayi, kana gani tangaran har sai ɓarna ta yi nisa. Wallahi abin na damuna, mutum ya shekara yana shan magani amma ba a taɓa leƙa cikin idonsa ba.

In suga nau'i na 2 ne, wanda ya fi kama manya, ka je da zarar an gano shi, daga nan duk shekara. Nau'i na 1 cikin shekara 5 da ganowa. Mai suga da ta samu ciki ta je tun watannin farko.

Ka nufi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo ko wani asibitin da ke da likitan ido, ba shagon gilashi a Terminus ba, kuma ka faɗa da bakinka cewa kana da suga, bayan ido kake so a duba. Ka karya ka sha maganinka kafin ka fito saboda layi kan yi tsawo, ka riƙo magungunanka da sakamakon gwajin suga na ƙarshe da baƙin gilashi, sannan don Allah kar ka tuƙa mota, ka samu ɗan rakiya ko ka hau keke napep.

Dalili kuwa za a ɗiga maka magani mai buɗe ƙwayar ido, yana ɗan yaji, ka jira minti 20 zuwa 30, bayan nan za ka yi awa 4 zuwa 6 kana gani dishi-dishi, rana na kashe maka ido. Hoton kansa ba komai, ka ɗora haɓa a kan na'ura, haske ya walƙa, shi ke nan. Akwai kuma wata na'urar ɗaukar hoton ido mai suna OCT da aka fito da ita a Amurka a 1991, ita tana nuna kaurin tantanin hawa-hawa, ko ruwa ya taru a tsakiyarsa wurin da muke karatu da gane fuska. Ba ta taɓa ido ma. Ba ko'ina ke da ita ba, ka tambaya tukuna. Ka roƙi kwafin hoton ko da a waya ne, da shi za a kwatanta na baɗi.

In an ga matsala ana yin leza, wato aiki da wani haske mai ƙarfi a bayan idon, ko allura a cikin ido irin su Avastin da Lucentis masu rage kumburi da hana sababbin jijiyoyi marasa ƙwari fitowa. Na san jin allura a ido na tsorata mutane, amma sai an kashe zafin wurin, kuma yawanci ba sau ɗaya ba ne, duk wata ake maimaitawa da farko, kar ka yi ɗaya ka ɓace. Wani lokaci a tura mutum Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Maganin ɗigawa na kemis, musamman mai sitiroid, a bar shi sai likita ya rubuta, yana iya jawo hawan jinin ido. In kuma kwatsam ka fara ganin baƙaƙen ɗigo na yawo da yawa, ko walƙiya, ko duhu ya rufe gefen ganinka, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka je asibiti a ranar.