Yadda za ka auna amfanin hitar lantarki kafin ka sayi fulat a Katsina

Sababbin fulat da ake ginawa a unguwanni irin su GRA da Barhim sukan zo da hitar ruwa a banɗaki, wasu har da hitar ɗumama ɗaki, kuma dillali ba ya rasa ambatonsu idan yana neman ƙarin farashi. Kafin ka amince da wannan ƙari, ka tuna cewa sanyin Katsina na ɗan lokaci ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da awon zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Daga Maris kuwa abin da gida ke nema shi ne iska mai sanyi.

Amfanin hitar lantarki ba abin musu ba ne, musamman ga gidan da ke da jariri, ko mai jego, ko tsoho mai alwala da asuba. Babban alherinta a ganina shi ne raba iyali da shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki, domin garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da iskar guba marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Sai dai hita ba ta da amfani idan babu wuta, saboda haka tambayar farko ita ce rukunin da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na yankin, ta sanya layin unguwar. An yi wa rukunin A alƙawarin wutar awa 20 a rana, rukunin B awa 16, har zuwa rukunin E mai awa 4. Kada ka tsaya ga abin da ke takarda. Ka tambayi maƙwabta ko ana samun wuta tsakanin ƙarfe huɗu zuwa shida na safe, domin a lokacin ne ake buƙatar ruwan zafi. Ƙaramin janareta ba zai ɗauki hita ba, haka nan inbata ta gida, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir, takan shanye batirinta cikin ɗan lokaci.

Daga nan sai lissafin kuɗi. Tun watan Afrilun 2024 yunit ɗaya a rukunin A ya haura naira 200. Hitar ɗaki mai wat 2,000, idan ta yi awa 3 a kunne, ta ci yunit 6, wato sama da naira 1,200 a dare guda, kuma a wata abin ya wuce naira 36,000 a ɗaki ɗaya tak. Hitar ruwa mai wat 1,500 ta fi sauƙi, matuƙar za a kunna ta na awa ɗaya a kashe. Don haka ka tabbatar fulat ɗin yana da tasa mita mai kati, domin mitar haɗaka da hita ba sa barin maƙwabta su zauna lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne wayarin. Ka je da mai gyaran wuta naka, ba na mai gida ba, ya buɗe akwatin wuta ya ga ko hitar ruwa tana da nata layin da nata makunni, da waya mai kauri, da kuma wayar da aka binne a ƙasa don kare mutum daga jan wuta. Ka duba soket da idonka: idan gefensa ya yi baƙi, ko robar ta narke, ko kana jin ƙauri, to an ɗora wa wayar abin da ya fi ƙarfinta. Idan ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne, ka tambayi shekarun hitar, domin wani ruwan yakan tara farin ɓawo a jikin ƙarfen da ke dafa shi, ya sa ta ƙara cin wuta.

A ƙarshen zagayen ka tura hannu gefen tagogi da ƙarƙashin ƙofofi. Ɗakin da iskar hunturu ke kutsawa da ƙura ba ya riƙe ɗumi, ko da hitar ta kwana a kunne. Idan tagogin na rufuwa ruf kuma wayarin na da kyau, fulat ɗin ya cancanci kuɗinsa ko babu hitar ɗaki, tunda ita kana iya sayenta a kasuwa daga baya. Idan kuwa wayarin ne ya gaza, to ka nemi a rage maka kuɗin sake shi daga farashin kafin a rubuta takardar ciniki.