Yadda za ka koma ƙaramar waya ba tare da harkarka ta tsaya ba

Ni tela ne a unguwar Maamobi da ke Accra, kuma tun da mutane suka fara ganina da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli, wadda muke ce wa yam a nan Ghana, kullum tambayar ɗaya ce, wai an sace babbar ne? Ba a sace ba, tana nan cikin durowa. Abin da ya kai ni ga haka, wata rana bayan magariba Baba yana ba ni labarin yadda kakanmu ya sauko daga Salaga da fataucin goro, ni kuma idona na kan waya ina ta eh eh, sai kawai ya yi shiru ya miƙe ya shiga ɗaki. Bai ce min komai ba, wallahi har yau abin na cina a rai. To ga yadda na bi, ko wani zai amfana.

Kafin komai ka fara duba awa nawa wayar ke cinye maka. In Android ce ka shiga saitin ka nemo Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, tun 2018 aka sa su amma yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Zai nuna maka awowin kowace rana da manhajar da ta fi ci. Kar ka canza komai tukuna, ka yi sati ɗaya kana kallon lissafin kawai. Ni nawa ya wuce awa 6 a rana, kuma lokacin ɗinkin sallah ne, ina ta ce wa kwastoma aiki ya yi yawa.

Daga nan ka ɗauki biro da takarda ka rubuta abubuwan da in babu su abincinka zai tsaya. Nawa uku ne, kira, MoMo wato tura kuɗi da karɓa ta waya, da hotunan sitayil da mata ke turo min ta WhatsApp. A nan ne za ka gane yawancin abin da muke tsoron rasawa ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. MoMo tun 2009 MTN ta fara shi, lokacin da yawancinmu yam muke riƙewa, kuma har gobe *170# na aiki, ka tura kuɗi, ka cire, ka sayi kiredit. Mai Telecel ya danna *110#. Katin asibiti na NHIS ana sabunta shi da *929#, kuɗin wuta na ECG kuma *226#. Duk wannan yam za ta yi maka shi, ga batir da ke kwana uku huɗu ba caji, ranar da aka ɗauke wuta ba ruwanka da yawon neman soket a shagon mutane.

Wajen saye, 'yan Accra ku je Circle wajen Tip Toe Lane, 'yan Kumasi Adum ko Kejetia. Ka nemi mai layi biyu, mai tocila da rediyo, wadda ake cire batirinta, kuma dan Allah kar ka bar wurin sai ka sa layinka ka yi kira ka danna *170# ka ga ya buɗe. Layin babbar waya ƙanƙane ne, ramin yam kuma sau da yawa babba ne, sai ka ce su ba ka 'yar robar da ake ɗora shi a kai. Babban layinka da kowa ya sani shi za ka mayar cikin yam. WhatsApp ɗinka ba zai mutu ba don ka cire layin, muddin babbar wayar na samun data daga wani layi zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka, sai dai in sabon layi za ka saya ka tafi da Ghana Card ɗinka don rajista. Lambobi kuma kar ka kwashe duka, ka zaɓi na gida da na aiki, sauran su zauna inda suke.

Yanzu ga inda aikin yake, gurup gurup ɗin nan. Na dangin uwa, na dangin uba, na masallaci, na tsofaffin 'yan makaranta, na aure, na suna, na adu'a, wani an gama bikin shekara biyu amma gurup na nan ana ta turo barka da Juma'a. Wanda ya gama amfani ka yi sallama cikin mutunci ka fita. Na dangi kuwa kar ka fita, zumunci ba abin wasa ba ne kuma manya za su ɗauka raini ne, ka dai kashe ƙararsa gaba ɗaya ka kashe saukar hoto da bidiyo da kansu, nan take za ka ga datarka ta fara jimawa. Sai ka yanka wa babbar waya lokaci, ni sau biyu nake buɗe ta, bayan azahar da bayan isha'i, minti 30 kowanne. Kuma ka sanar, ka rubuta a sitatus cewa mai gaggawa ya kira kai tsaye, Hajiya da Baba da kawunnai kuma ka je da ƙafarka ka faɗa musu. 'Yan'uwa na Jamus da Amurka da Saudiyya da ba sa iya kira sai ta WhatsApp ku tsayar da rana, mu Lahadi da yamma muke yi, don New York na bayanmu da awa 4 ko 5 gwargwadon lokacin shekara.

Da dare babbar waya ba ta shiga ɗakin kwana. In ka ce ai ita ke tashinka asuba, yam ma na da ƙararrawa, balle a zango da ladanai ke kira ta kowane lungu. Karatu kuma ka koma Alƙur'ani na takarda, na waya kana tsakiyar aya saƙo zai faɗo a sama. Awon kwastoma da bashi duk na mayar littafi, a bayansa kuma nake rubuta sunayen garuruwa da mutanen da Baba ke ambata in muna hira.

Satin farko da wuya, gaskiya. Kana cikin trotro, motar haya, an tsaya a cunkoso hannunka zai tafi aljihu da kansa, sai ka sa masa carbi a wurin, ko ka kunna rediyon yam ɗin. A majalisar ataya mun yi yarjejeniya kowa ya kife wayarsa har a sha zagaye na uku, da farko samari sun yi ta ƙorafi, yanzu su ke tuna wa wanda ya manta. Ka kuma sani 'yan damfarar MoMo ba su bar mai yam ba, duk wanda ya kira ya ce ka faɗi lambar sirrinka ka kashe kawai.

Tsofaffin wayoyi da caja da ke jibge a gida, mai aiki ka goge komai ka cire memori ka ba wanda ke buƙata, matacciya ka kai wa mai gyara ya ciri abin amfani. Kar ka jefa a kwata ko ka ƙona, batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kuma duk wanda ya san hayaƙin da ke tashi a Agbogbloshie, inda ake ƙona tsofaffin kayan lantarki a Accra, kafin a rushe wurin a 2021 ya san abin da ƙona waya da kebur ke yi wa ƙirjin yaranmu.

In kuwa abincinka cikin babbar waya yake, kamar direban Bolt ko Yango ko mai sayar da atamfa ta intanet, kar ka wahalar da kanka da yam da rana. Ka cire manhajojin kallo ka bar na aiki kaɗai, ka mayar da fuskar wayar baƙi da fari daga saitin, in ka tashi aiki ka juya kiranka zuwa ƙaramar, babbar kuma ka kashe ta ka sa a durowa sai gobe.