Kurakuran da malamai ke yi wajen koyar da darasi kan wariyar launin fata ta hanyar zane da labari

Na farko, fara darasi da hoton da zai girgiza aji. Malami ya haska hoton gawar Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da fararen fata suka kashe a jihar Mississippi ta Amurka a 1955, ɗalibai su yi tsit, shi kuma ya ɗauka saƙo ya shiga. Tausayi ne kawai, kafin la'asar ya wuce. A haɗa hoton da labarinsa: mahaifiyar yaron ce ta dage a bar akwatin gawar a buɗe don duniya ta gani, kuma masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu fararen fata, suka wanke makasan.

Wani kuskuren, malami ya riga ɗalibai magana. Ga zanen Norman Rockwell, mai zane ɗan Amurka, na 1964: Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, cikin farar riga, za ta shiga makarantar fararen fata a birnin New Orleans na Amurka. Kafin ka ce komai, ba su minti biyar. "Me kuka gani?" Wani zai lura da tumatirin da aka jefa ya fashe a bango. Wata za ta ce jami'an tsaro huɗu da ke raka yarinyar ba a ga fuskokinsu ba, iyakar zanen ta yanke kawunansu. To me ya sa? Daga nan muhawara ke kankama, kuma tasu ce.

Sai wasan nan da ake jera ɗalibai, a ce wanda iyayensa suka yi jami'a ya matso gaba. Ni dai ban ga amfanin tona asirin talaka a gaban abokansa ba. A raba katunan mutanen da aka ƙirƙira, kowa ya taka a madadin mutumin da ke katinsa.

Kada kuma a juya ga baƙar fata ɗaya tilo a aji a ce ya yi magana da yawun kowa.

Sannan a daina nuna gata kamar hali ne na mutum. A kawo taswirorin da gwamnatin Amurka ta sa aka zana a shekarun 1930, inda aka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin wuraren da bashin gida ke da haɗari. A ce kowane ɗalibi ya rubuta labarin iyalai biyu, titi ɗaya ya raba su, har zuwa jikoki.