Kafin ku kama wa yaro ɗaki a Gwallameji

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ɗan shekara 18 yana karatu a Bauchi, shi kaɗai yake zaune a unguwar Gwallameji. Don Allah kada ku biya kuɗin haya sai kun ga rijiya ko famfo da idonku, mai gida kuma ya ba ku rasit. Mu ta hannun dillali muka biya, yaro ya yi wata biyu yana sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa, abin ya dame ni ƙwarai. Sannan ku sa yaronku ya nemi rancen NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu, ta amfani da NIN, BVN da lambar JAMB. Su ke biyan makaranta kai tsaye, su kuma ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, sannan ba a ɗora wa rancen kuɗin ruwa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli kuwa, daga gida za ku aika masa.