Yadda ake liƙa fallen katako a allon na'urorin ƙaramin jirgin sama

Aikina kafinta ne a Katsina, kuma abin da zan faɗa ya shafi wanda ya harhaɗa ƙaramin jirgi da hannunsa, irin RV-6A na Amurka, wanda daga samfurinsa aka harhaɗa jirgin Air Beetle a Kaduna don horar da matuƙan sojan sama. Allon da ke gaban matuƙi na alminiyam ne, kaurinsa kusan milimita 1.6. Shi ke ɗauke da nauyin na'urori. Fallen katakon, wanda bai wuce milimita 0.6 ba, ado ne kawai.

Ka ciro allon ka ɗora a tebur. Gama duk hudar da za ka yi tukuna: manyan ramukan inci 3 da 1/8, ƙananan inci 2 da kwata, da na makunnai. Gwada kowace na'ura ta zauna daidai kafin katako ya zo kusa.

Nemi falle mai takarda a bayansa, don ba ya saurin tsagewa. Ni na fi son maɗaci saboda duhunsa. Bar shi ya yi kwanaki a shagon da za a yi aikin, ya saba da iskar wurin.

Maganar gam ce ta fi damuna. Mu kafintoci mun saba da Evo-Stik, a shafa gefe biyu, a bari ya sha iska, a manna. A teburin ofis ba laifi. Amma jirgin da aka ajiye a fili a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, cikinsa tanda ne, kuma irin wannan gam yana laushi in ya sha zafi. Ga shi ƙarfe da itace ba sa motsi tare: alminiyam yana buɗewa da zafi, katako kuma yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Nan ne falle ke tashi ya yi ƙulu-ƙulu. Don Allah ka nemi ifoksi, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu, mai jinkirin bushewa, ko da ya fi tsada.

Goge fuskar alminiyam da sanfefa mai lamba 80 har ƙyallinsa ya mutu, ka wanke da asiton (ruwan cire maiƙo), kada ka ƙara taɓa shi da yatsa. Ka liƙa nan take, domin alminiyam yana yin wata 'yar fata mai rage kamun gam da zarar iska ta taɓa shi. Shafa gam siriri, ɗora falle, rufe da leda, sa tsakanin allunan katako biyu masu santsi, ka danne da bulo ko'ina daidai. Sai bayan awa 24 za ka buɗe.

Wajen yanke ramuka, kifa allon a kan katako, ka bi bakin ƙarfen daga baya da sabuwar reza, ka bar ɗan saura. Sauran sai ka cinye shi da sanfefa da ka naɗe a guntun bututu, kana gogawa daga fuskar katako zuwa ƙarfe. In ka juya hannu, baki zai ɓantare.

Banish kuwa, marar ƙyalli za ka shafa, domin mai ƙyalli yana mayar da hasken rana cikin idon matuƙi. Shafa shi har bakin kowane rami, ta nan laima ke shiga. In da hunturu ne, yayyafa ruwa a ƙasan shago ka rufe ƙofa saboda ƙura.

Katako ba ya ɗaukar lantarki, saboda haka duk abin da ke samun layin ƙasa, wato hanyar komawar lantarki, ta jikin allon a ba shi wayarsa ta baya. Kusoshin da ke kusa da kamfas, na'urar nuna alƙibla, su zama na tagulla, domin baƙin ƙarfe yana karkatar da allurarsa. Ka mayar da rubutun kowane makunni da fari yadda za a karanta, sannan injiniyan jirgi mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, ya duba haɗin wayoyin kafin a tashi.